Soyayyar Agada: Abin Taɓawa Mai Sauƙi Ga Mai Juna Biyu

A ranakun awon ciki a nan asibitin koyarwa na Shika, tambayar da mata suka fi yi wa ma'aikatan jinya ita ce: me zan ci tsakanin karin kumallo da abincin rana, tunda tuwo ya gagare ni kuma yunwa ba ta barina? Mai ciki, musamman a watannin laulayi, ta fi samun sauƙi idan tana cin abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana maimakon ta cika ciki sau biyu. Soyayyar agada, wadda wasu ke kira filanten, Yarbawa kuma ke ce mata dodo, tana cikin abubuwan taɓawa da za ki iya haɗawa cikin minti 10, ba nama, ba ƙwai, ba madara.

Amfaninta ga mai ciki

Agada tana ba da ƙarfi, tana kuma ɗauke da sinadarin fotashiyam, da bitamin C, da bitamin B6. Shi wannan B6 likitoci kan ba mai laulayi shi don rage tashin zuciya. Akwai kuma harza a cikinta, wadda ke taimakawa wajen taurin bayan gida, matsalar da ke damun masu ciki da yawa, balle masu shan ƙwayar ƙarin jini.

Sai dai akwai wata magana da ta yaɗu, wai ɗanyar agada tana ƙara jini. Gaskiyar ita ce sinadarin ƙarfen da ke cikin agada guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram 27 da mai ciki ke buƙata kullum ba. Saboda haka kada ki ajiye maganin da aka ba ki a wurin awo ki ce agada ta wadatar. Tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada cewa kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe da folik asid kowace rana. Ƙarancin jini na iya jawo haihuwar bakwaini, kuma yana sa zubar jini bayan haihuwa ya fi haɗari.

Yadda ake haɗawa

Ki nemi agada guda mai launin ɗorawa da ɗan ɗigon baƙi a bawonta. Ana samunta a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru. Wadda ta yi baƙi ƙirin ta yi laushi tana shan mai sosai, kuma zaƙinta ya fi yawa. Za ki buƙaci man gyaɗa cokali 2, ɗan garin citta, da gishiri gwargwadon abin da yatsu biyu za su tsinta.

Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke agadar da wuƙar kafin ki ɓare. Ki yanka ta a karkace, kaurin ƙaramin yatsa, don yanka mai kauri bai cika shan mai kamar siriri ba. Ki barbaɗa citta da gishirin. Ki ɗora kasko a wuta matsakaiciya, ki bari man ya yi zafi kafin ki zuba, domin idan mai bai yi zafi ba agadar tsotse shi take yi. Ki soya kowane gefe minti 2 zuwa 3 har ya yi ja-ja. Ki kwashe a kwando mai tsabta man ya tsane. Ki ci da ɗan soyayyar gyaɗa ko dafaffen wake don samun sinadarin gina jiki, ki bi da lemu ko gwaiba. Gyaɗar da ta yi funfuna a zubar da ita, tana cutar da hanta.

Idan ba agada, ayabar da ba ta gama nuna ba ma tana soyuwa haka, sai dai minti 1 a kowane gefe ya ishe ta.

Abubuwan kiyayewa

Kada a riƙa maimaita suya da man da ya riga ya yi baƙi. Mai fama da ƙwannafi ta rage maiƙo da yaji, kada kuma ta kwanta da zarar ta ci. Gasa agadar a kan gawayi ya fi mata. Wadda aka ce tana da ciwon suga na masu ciki ta guji nunanniya sosai, ta tambayi likitan abinci adadin da ya dace da ita. Mai hawan jini ta bar gishirin gaba ɗaya. Shayi kuwa yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, don haka a ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini.

Ga maigida da sauran iyali

Idan ƙaurin suya yana tayar mata da zuciya, wani ya karɓi kaskon ya soya mata. Idan kuwa amai ya hana ta riƙe ko da ruwa yini guda, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko motsin yaro ya ragu, wannan ba maganar abinci ba ce. A kawo ta asibiti nan take, ko da dare ne, kada a jira ranar awo.

Allah ya raba lafiya, amin.