Tsohuwar Na'ura, Sabuwar Kwamfuta: Makomar Muryoyin da Aka Naɗa a Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Ɗalibin da ya je Tasawa ko Mayahi neman bayanai kan karin harshen yankin yakan tarar cewa wasu sun riga shi. A hannun tsofaffin malamai da ma'aikatan rediyo da gidajen sarauta akwai kasakasai ɗauke da hirar dattawa da kirari da tatsuniyoyi, waɗanda aka naɗa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Da yawa daga cikin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya. Idan ɗalibin ya dawo da irin wannan taska, tambayar da ke jiransa ita ce ko tsohuwar na'ura za ta yi aiki da kwamfutar yau, alhali kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta mata manhajar haɗi. Amsar ta dogara ne da hanyar da na'urar ke bi ta miƙa wa kwamfuta sauti.

Mece ce manhajar haɗi?

Manhajar haɗi, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira direba, tafinta ce tsakanin na'ura da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Duk lokacin da babbar manhajar ta sauya tsari, sai an sake rubuta wa tafintan sabon harshe. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020. Manhajar haɗin da aka rubuta wa tsarin bit 32 kuwa ba ta hawa kan tsarin bit 64. Ta haka na'ura mai ƙoshin lafiya takan zama bebiya.

Rukunoni uku na na'urori

Rukuni na farko shi ne na'urorin da ke fitar da sauti ta waya kai tsaye, kamar rikodar kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Waɗannan ba su san wata manhaja ba. Abin da ake buƙata shi ne waya daga mafitar sautin rikoda zuwa mashigar sautin kwamfuta, sai manhajar naɗi irin Audacity, wadda kyauta ce. Kaset mai minti 90 zai ci minti 90 kafin a kwashe shi, amma babu kamfanin da zai iya toshe wannan hanya.

Rukuni na biyu shi ne na'urorin da ke bin ƙa'idar bai-ɗaya ta sautin USB, wadda aka kafa a 1998. Windows da macOS da Linux duk suna ɗauke da manhajar wannan ƙa'ida a cikinsu, don haka da an jona na'urar sai ta kama aiki. Ƙa'ida ta biyu ta fito a 2006, kodayake sai a 2017 Windows 10 ta zo da manhajarta. Rikodoji masu katin ajiya ma suna kusa da wannan rukuni, domin ana iya zare katin a kwafi fayil ɗin WAV ba tare da an jona rikodar ba.

Rukuni na uku shi ne mai matsala, wato na'urorin da ba sa magana sai da harshen kamfaninsu. Misali shi ne MiniDisc da Sony ya fitar a 1992, wanda masu binciken harshe suka yi ta amfani da shi saboda ƙanƙantarsa. Nau'o'insa masu USB sun dogara da manhajar SonicStage da aka daɗe da watsarwa, kuma Sony ya daina sayar da na'urorin a 2013. Haka abin yake ga akwatunan sauti masu wayar FireWire, wadda mashigarta ta ɓace daga kwamfutocin zamani. Duk da haka akwai mafita biyu. Ana iya keɓe tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, a raba ta da intanet, ta yi wannan aiki kaɗai. Ana kuma iya kunna faifan a ɗauki sautin ta waya kamar yadda ake yi wa kaset.

Inda haɗarin yake

Manhajar haɗi tana da sauƙi idan aka kwatanta ta da jikin na'urar. A Tasawa da Mayahi zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa. Zafi yana saki robar da ke juya kaset, ƙura kuma tana cin kan da ke karanta zare. Ga mai sauraron waƙa wannan ɗan aibi ne, amma ga mai nazarin tsarin sauti babbar ɓarna ce.

Dalili kuwa shi ne Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su, gari na zama da gari na tuwo kuma tsawon wasalin gaɓar farko. An tsara zaren kaset ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan rikoda ta ƙara gudu da kashi 3 cikin 100, muryar da ke kan haz 200 za ta koma 206, wasula kuma su ɗan gajarce. Muddin ƙarin gudun bai sauya ba, bambancin karin sama da na ƙasa yana nan daram. Amma idan robar ta saki har gudun yana hawa yana sauka, manhajar awon sauti irin Praat za ta zana lanƙwasar da bakin mai magana bai yi ba, ɗalibi ya ɗauke ta a matsayin karin faɗau.

Kan karatu da ya karkace kuma yakan dusashe siraran sautuka, inda zuzau irin su s da sh suke. A Hausar yankin Maraɗi ana jin tahi da hwara inda Bakano ke cewa tafi da fara. Wanda ke son auna irin wannan bambanci daga dusasshen naɗi zai gina hujjarsa a kan yashi.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a saka kaset mai daraja, a fara gwada rikodar da wani maras amfani, a goge kanta, a sauya robar. Ƙungiyar IASA ta ma'ajiyoyin sauti na duniya ta ba da shawarar a adana naɗi a fayil ɗin WAV, a kan aƙalla kilohaz 48 da bit 24. MP3 bai dace da ajiya ba, domin yana zubar da wani ɓangaren sauti don ya rage nauyi. A rubuta garin da aka yi naɗin da shekarar da irin na'urar da aka kwashe shi da ita, a ajiye kwafi a wurare biyu, sannan a mayar wa mai kaset kayansa tare da nasa kwafin. Cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO a Yamai sun daɗe da aikin adana adabin baka, kuma sun cancanci a tuntuɓe su.

Kammalawa

Yawancin tsofaffin na'urorin sauti suna iya aiki ba tare da sabuwar manhajar haɗi ba, kuma masu buƙatarta ma akwai yadda ake zagaye matsalarsu. Abin da ba a iya zagayewa shi ne tsufan zare da ƙarancin rikodoji masu lafiya, matsalar da ta sa UNESCO da IASA suka ƙaddamar da gangamin faɗakarwa a 2019. Ɗalibin da ke da kaset daga Tasawa ko bakin Gulbin Kaba ya kwashe shi a wannan zangon karatu, tun akwai rikodar da za ta juya shi.