Hawayen Maza a Duhun Silima

Idan ka ce Wapa a gaban yaran yanzu, canjin dala za su tuna. Dattawan Fagge kuwa sun san sunan gidan silima ne, ɗan'uwan Plaza da El Dorado, ƙannen Rex da aka buɗe a Sabon Gari a 1937. Malamai sun tsine wa waɗannan gidaje, iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa, gobarar El-Duniya ta 1951 da ta ci mutum 331 kuma ta ƙara wa masu tsinuwar hujja. Duk da haka da magariba ta wuce sai layin tikiti ya cika. Ana cewa faɗa da rawa ke kai 'yan kallo. Ni ina ganin har da kuka.

Bahaushe ya tashi da jin cewa namiji ba ya kuka. A gidan makoki ma "sai haƙuri" za a ce masa, ya amsa, ya haɗiye. To ina zai kai abin da ya tara a ƙirji? Silima ta ba shi abin da zaure bai ba shi ba: duhu. Ɗan dakon Kantin Kwari da ya yini ana yi masa tsawa zai zauna cikin ɗaruruwan maza, babu mai ganin fuskar wani.

Dubi fim ɗin Mother India na 1957, wanda aka yi shekara da shekaru ana maimaita shi a Kano. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar manomi da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonarsu, miji ya tafi, ta yi noma da kafaɗarta, daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta Birju don kare mutuncin 'yar mutane. Masu kallon ba su jin Indiyanci, kuma ba su bukata. Wanda ya baro ƙauye saboda bashi da fari, ya bar gyatuma tana surfe, ya san labarin tun kafin a haska shi. Ba Radha yake yi wa kuka ba. Shi ya sa ma kallo na biyar ya fi na farko ciwo, domin ka san abin da ke tafe, ba ka da ikon tare shi. Finafinanmu na Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990, sun gaji wannan jijiya: maraya, kishiyar uwa, auren dole.

Da an tashi daga silima, sai teburin mai shayi. A nan ake wanke fuska da musu.   Na taɓa ganin wani ƙato yana kallon mutuwar Shah Rukh Khan a fim ɗin Kal Ho Naa Ho, fassarar Hausa, a wayarsa. Da aka tsokane shi sai ya ɗaga kofinsa ya ce tururi ne ya shiga masa ido. Kofin kuwa ya daɗe da hucewa.

A teburin nan ne kuma aka yi ta muhawara a 2011, lokacin da Janar Buhari ya zubar da hawaye a gaban kyamara wajen rufe yaƙin neman zaɓensa. Magoya baya suka ce tausayin talaka ne, 'yan adawa suka ce fim ne. Abin da ya ba ni mamaki, ban ji wanda ya ce soja ba ya kuka ba. Ashe dokar hana namiji kuka ta fi kama talaka.

Yawancin tsofaffin gidajen silima sun rufe, wasu sun koma shaguna. Fim ya dawo tafin hannu, a shago, a cikin adaidaita sahu, rana tsaka, kowa yana ganin idonka. Ƙaton nan da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya tsayar da fim ɗin, ya biya mai shayi, ya ce zai ƙarasa a gida.