Kiɗan Jita da Waƙar Talla: Yadda Sauti Ke Ɗaukar Saƙo

1.0 Gabatarwa

Waƙar talla gajeriyar waƙa ce da ake tsarawa domin jawo hankalin mai sauraro zuwa ga wata haja ko wani saƙo. Ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin tun kafin zuwan rediyo 'yan talla ke rera sunan abin sayarwarsu a kan titi. Wannan babi zai yi bayanin tubalan da ake gina irin wannan waƙa da su, ta amfani da jita a matsayin misali, sannan ya nuna dangantakarsu da karin sautin Hausa.

2.0 Matakan Sauti

Sauti yana samuwa ne daga karkarwar abu. Tsirkiyar da ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa ɗaya tana ba da sautin da ake kira A. Idan karkarwar ta ninka zuwa 880, sai a ji sautin nan dai, amma da siririyar murya. A tsarin kiɗan Turai an raba wannan tazara zuwa taki 12, aka zaɓi guda bakwai aka ba su sunayen C, D, E, F, G, A, B. Su ne ake rerawa da do, re, mi, fa, so, la, ti, salon da ya samo asali daga aikin Guido na Arezzo a Italiya cikin ƙarni na 11.

3.0 Jita da Gamin Sauti

Jita tana da tsirkiya shida, saɓanin kuntigin Ɗanmaraya Jos mai tsirkiya ɗaya tak. Ana saita su daga mafi kauri zuwa mafi siranta kamar haka: E, A, D, G, B, E. An gitta ƙarafa a wuyanta, kuma duk gurbin da aka matsa gaba yana ɗaga sauti da taki ɗaya.

Gamin sauti shi ne kaɗa sautuka uku ko fiye a lokaci guda. Gami iri biyu ne mai koyo kan fara da su:

(a) Babban gami: taki huɗu tsakanin sautin farko da na biyu, sannan taki uku. Misali: C, E, G. Galibi ana danganta shi da fara'a.

(b) Ƙaramin gami: taki uku, sannan huɗu. Misali: E, G, B. Galibi ana danganta shi da juyayi.

Domin fitar da ƙaramin gamin E, mai koyo zai danne tsirkiya ta biyar da ta huɗu a gurbi na biyu, ya kaɗa duka shidan. Da zarar ya ƙara yatsa a gurbin farko na tsirkiya ta uku, sai gamin ya koma babba. Ke nan taki ɗaya ya isa ya sauya yanayin kiɗa. Haka kuma, manyan gami uku, wato G da C da D, sun wadatar wajen raka ɗimbin waƙoƙi: G ne gida, C fita ce, D kuwa yana sa kunne ya ƙosa a dawo gida.

4.0 Siffofin Waƙar Talla

Waƙar tallar da ke zama a zuciya tana da gajarta, da maimaici, da amsa-amo, kuma takan ajiye sunan haja a daidai inda kiɗa ya dawo gida. Kiɗan wayar Nokia misali ne mai kyau. Sautuka 13 ne kacal, waɗanda aka tsakuro daga Gran Vals, kiɗan jita da Francisco Tárrega na Sifen ya tsara a 1902. Kamfanin ya fara amfani da shi a shekarun 1990, har ya kasance jin sa kawai yana tuna wa mutum hajar ba tare da an furta kalma ba.

5.0 Matsayin Karin Sauti

Hausa harshe ne mai karin sauti: na sama, da na ƙasa, da faɗau. Kalmar "kuka" da karin sama-sama tana nufin zubar da hawaye, da karin sama-ƙasa kuwa tana nufin itaciya. Saboda haka, idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan kiɗan aro, kiɗan ya hau inda kalma ke sauka, ma'ana na iya gurɓata. Haka nan idan aka ja gajeren wasali, ko aka datse dogo. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne idan saƙon na riga-kafi ne ko na kiyaye haɗurra. Makaɗin kalangu ya daɗe da sanin wannan sirri, domin hawa da saukar magana yake bi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sautuka ke haɗuwa su ba da gami, da yadda gami ke tallafa wa saƙo. Malamin da zai tsara wa ɗalibansa waƙa ya kamata ya fara furta kalmomin, ya saurari karinsu, sannan ya nema musu kiɗan da ya dace.

Jinga

1. Bambanta babban gami da ƙaramin gami.
2. Tsara waƙar talla mai layi huɗu, ka nuna karin sautin kowace gaɓa.