Lungun Birni da Awon Igiya a Kano

Masana tarihi sun ambata cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Tun daga wancan zamani hanyoyin birni suka zama kamar jijiyoyi: kowace ƙofa, ko ta Mazugal ce, ko Wambai, ko Kabuga, tana da turbarta mai kai fatake bakin kasuwa. A tsakaninsu kuwa lunguna ne matsattsu, daidai wucewar jaki da mangala. Baƙo yakan ɓace a ciki, amma ɗan gari ya san akasarinsu suna ɓullewa, da ƙafa yakan ratsa birnin duka.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka yanka Sabon Gari da igiya da ma'auni, titi yana gilma titi kamar gidan dara. Wanda ya tarar an toshe wannan layi, sai ya bi na gaba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata attajirai su dube shi da idon basira. Bayan da Kano ta zama jiha a 1967, jama'a suka yi ta kwararowa, gari ya malala ta Kurna, da Rijiyar Lemo, da Ɗorayi, da wasunsu. Da yawan wannan faɗi ta awon igiya aka yi shi. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, ya bar 'yar siririyar hanya, domin a wurinsa kowane taku na hanya kuɗi ne ya zube. Maƙwabcinsa ma ya yanka tasa bisa son ransa. Layin wannan ya je ya ci karo da katangar wancan, shi ke nan ya mutu. Ta haka unguwa guda takan rataya ga babban titi ɗaya tak. Mai ɗauko hatsi daga Dawanau ya kwana da sanin wannan, balle motar kashe gobara, balle masu ɗauke da makara.

To, malaman fiƙihu ba su bar wannan babi ba. Sun rarrabe tsakanin hanya mai ɓullewa, wadda haƙƙin jama'a ce duka, ba mai ikon cin ko taƙi daga cikinta, da lungu marar ɓullewa, wanda haƙƙinsa na mazaunansa ne. Ya kuma inganta a hadisi cewa in an yi saɓani kan faɗin hanya, a mai da shi zira'i 7. Zira'i bakwai ɗin nan, da raƙumi mai kaya ake lissafi, ba da tirela ba.

Mai sayen fili yakan tambayi tsawo da faɗi da kuɗin dillali. Ƙalilan ne ke taka layin har ƙarshensa su ga inda ya fita.