Rage Ƙiba a Dutse: Aikin da Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Likita a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse zai iya auna jinin ma'aikaci, ya ga sukari ya fara hawa, ya ce masa ya rage ƙiba, ya sassauta mai da zaƙi, ya riƙa tattaki. Magana ce ta minti biyar. Amma ba mutumin nan ke girki ba. Gida zai koma ya tarar da malmalar tuwon shinkafa uku da miyar da manja ya kwanta a kanta, bayan magariba kuma ya fita ƙofar gida inda kowane maƙwabci ya fito da kwanonsa don ciyayya. Wanda ya tsame hannu da wuri sai an tambaye shi ko abincin ne bai yi masa ba.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, zaman garin ya sauya. Sakatariya ta tara ma'aikatan da ke wuni a kujera, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 ta ƙaro wasu, babur da adaidaita sahu suka ɗauke wa mutane tafiyar ƙasa. Manomin Kiyawa ko Jahun yana ƙone tuwonsa a kunyar gona. Ɗansa da ke ofis a Dutse yana cin irin wannan tuwon, ya ɗora da lemun kwalba, ba tare da ya ɗaga fartanya ba.

Sai dai Jigawa jiha ce da ta san yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. A wurin da rama ta daɗe tana nufin fatara ko cuta, ba abin mamaki ba ne a ɗauki teɓa alamar hutu. Amarya idan ta yi wata uku ba ta murmure ba, dangi su fara zargin miji. Maijego ana ɗura mata kunu da nama har ta yi arba'in, wannan kuwa yana da amfaninsa, amma sau da yawa nauyin haihuwar fari bai sauka ba na biyu ya hau. Wasu 'yan mata har magungunan sha-ka-fashe suke saya a kemis, waɗanda a cikinsu akwai masu tayar da sukari da hawan jini. Don haka wanda ya ƙudurta rage ƙiba a nan, kafin ya yi fama da cikinsa sai ya yi fama da masu ƙaunarsa.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya sa wa rukuni guda burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da yin tattaki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 90, kilo shida kacal ake so ya sauke. Wahalar ita ce riƙewa, domin jiki yakan ƙara jin yunwa bayan ya rame, ya kuma rage ƙona abinci, har nauyin ya dawo.

A nan ne mutanen da ke kewaye suke shigowa. A 1999 masu bincike biyu, Rena Wing da Robert Jeffery, sun gwada mutum 166. Waɗanda suka shiga shirin rage nauyi su kaɗai, kashi 76 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe, kashi 24 kuma suka riƙe abin da suka rage har wata na goma. Waɗanda suka zo da abokai ko 'yan uwa uku, aka kuma tsara musu yadda za su tallafi juna, kashi 95 suka kammala, kashi 66 suka riƙe. A 2007 Nicholas Christakis da James Fowler suka bi bayanan mutum 12,067 na garin Framingham na tsawon shekara 32, suka ga idan abokin mutum ya yi ƙiba, yiwuwar shi ma ya yi tana ƙaruwa da kashi 57, ɗan'uwa kashi 40, miji ko mata kashi 37. Wasu masana sun ce ai dama mai hali yakan nemi mai irin halinsa, kuma suna da hujja. Duk da haka, wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya san yadda mutum ɗaya ke cewa a soya masa Indomie da ƙwai, sai benci duka ya bi.

A gidan Bahaushe mutum biyu ke riƙe da wannan al'amari: mai cefane da mai girki. Idan maigida ya riƙa shigowa da zogale, rama, kuɓewa da wake daga kasuwar Shuwarin, uwargida kuma ta rage ludayin mai, ta daina zuba sukari a kunu da fura tun daga tukunya, ta bar kowa ya sa nasa, an gama rabin aiki. Wannan ya fi a ware wa mutum ɗaya nasa kwanon daban kamar majinyaci, abin da ba ya wuce mako biyu. A gidan da ake da mata biyu ko uku, dole duk mai girki ta san zancen, in ba haka ba gasar faranta wa miji za ta rushe komai. Robar lemu ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba a yini. Baƙon da ke rage ƙiba, a tare shi da ruwa ko zoɓo marar zaƙi, karramawa ce. Dabinon Dutse ma, duk da albarkarsa, ƙwaya uku ya isa.

Tattaki ya fi ɗorewa idan akwai mai jira. Abokan sahu biyu da suka yi alkawarin zagaya unguwa bayan asuba, kafin rana ta buɗe, kunyar juna kaɗai za ta fito da su. Mata su ne aka fi bari a baya, domin da yawansu fitar ba ta hannunsu. Mijin da ke son lafiyar matarsa zai iya raka ta da kansa, ko ya yarje mata ta taka zuwa Islamiyya tare da maƙwabta maimakon hawa adaidaita.

Gori kuwa ba tallafi ba ne. Kiran mace lukuta a gaban ƙawaye, ko ƙirga wa miji loma, yana sa mutum ya koma ci a ɓoye. Bincike ya sha nuna cewa waɗanda ake muzantawa saboda ƙiba sun fi ƙara nauyi daga baya.

Abu biyu ne dangi za su kiyaye. Rage mai da sukari na manya ne. Kada ya taɓa rabon yara, masu ciki da masu shayarwa. Sannan tambayar nan ta "Lafiya kuwa, Yaya? Na ga ka rame" tana da muhallinta. Idan mutum yana zubewa ba tare da ya yi niyya ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, wannan ba nasara ba ce. A ɗauke shi zuwa babban asibitin Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a auna sukarinsa, a duba ƙirjinsa.