Fifita Tsofaffi Wajen Allurar Rigakafi Lokacin Annoba: Nazari Daga Cutar Korona

1.0 Gabatarwa

Lokacin da aka samu allurar rigakafin cutar Korona a ƙarshen shekarar 2020, kowace ƙasa ta tarar da abin da ke hannunta bai kai ya wadaci jama'arta ba. Tambayar da ta taso ita ce, wa za a fara yi wa? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa fara yi wa tsofaffi ya fi rage mace-mace.

2.0 Shekaru da Haɗarin Mutuwa

Korona tana kama yaro da babba, amma ba daidai take kashe su ba. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattaro alƙaluman ƙasashe masu arziki kafin a samu allura, ya nuna cewa idan mutum 10,000 masu shekara 25 suka kamu, kusan mutum 1 ne zai rasu. Idan masu shekara 65 ne, adadin zai kai kamar 140. Idan kuwa masu shekara 85 ne, to, sai a yi zancen 1,500. Dalili shi ne garkuwar jiki tana tsufa tare da mai ita. Jikin dattijo yakan yi nawa wajen gane baƙuwar ƙwayar cuta, kafin ya yunƙura ta riga ta kama huhu, ga kuma hawan jini ko ciwon suga ko na zuciya da galibi take tararwa. Aikin allura shi ne ta nuna wa jiki kamannin ƙwayar tun ba ta iso ba, ta yadda ranar da ta zo ba za ta same shi a sake ba.

Akwai masu ganin cewa matasa ya kamata a fara da su, tunda su ne masu kai-komo a kasuwa da wurin aiki, su ne kuma ke kai cutar gida. Indunusiya ta ɗan bi wannan hanya a watan Janairun 2021, inda ta sa masu shekara 18 zuwa 59 gaba, kafin ta shigar da tsofaffi a watan Fabrairu. Hujjar tana da ma'ana, sai dai ta rataya ne a kan sharaɗin cewa allurar za ta hana yaɗa cutar. Abin da ya bayyana daga baya shi ne ƙarfinta wajen hana kamuwa yana raguwa cikin 'yan watanni, alhali kariyarta daga kwanciya asibiti da mutuwa ta fi daɗewa. Ashe ke nan allurar jika ba ta isa ta tsare kakarsa ba.

3.0 Birtaniya da Hong Kong

Birtaniya ta fara allurar ranar 8 ga Disamba, 2020, da wata tsohuwa mai shekara 90 a garin Coventry. An jera mutane bisa shekaru: mazauna gidajen kula da tsofaffi da masu yi musu hidima, sai masu shekara 80 zuwa sama tare da ma'aikatan lafiya, sai masu 75, haka har zuwa masu 50. Hukuma ta kuma jinkirta allura ta biyu zuwa mako 12, domin ta farko ta isa ga mutane da yawa.

Misalin Hong Kong ya fi ban tausayi. Birnin ya yi kusan shekara biyu yana tsare ƙofofinsa, cutar ba ta yi masa ɓarna sosai ba, sai tsofaffi da dama suka ga babu abin gaggawa, wasu kuma suka ji tsoron allurar saboda cututtukan da suke fama da su. Zuwa ƙarshen 2021, kusan kashi 20 cikin ɗari kawai na masu shekara 80 zuwa sama aka yi wa ko da allura ɗaya. Wato waɗanda suka fi bukata su ne aka bari a baya. Da nau'in Omikron ya shigo, daga 6 ga Janairu zuwa 21 ga Maris, 2022, mutum 5,906 suka rasu, kashi 96 cikin ɗari daga cikinsu masu shekara 60 zuwa sama ne. A wannan rukuni, yawan mutuwa tsakanin waɗanda ba a yi wa allura ba ya ninka na waɗanda aka yi wa biyu ko fiye kusan sau 20. Abin lura shi ne allurar tana nan jibge a birnin, kyauta, tun farkon 2021.

Wani binciken ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da yankin Turai, wanda aka buga a 2024, ya ƙiyasta cewa allurar ta ceci rayuka miliyan 1.6 a yankin tsakanin Disamba 2020 da Maris 2023, kuma kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka ceta masu shekara 60 zuwa sama ne.