Mai Jin Nauyin Mutane Ma Zai Iya Koyon Magana

Akwai ɗalibin da ya san amsa sarai amma ba zai ɗaga hannu a aji ba. Akwai matar da za ta zauna gaban likita, ta kasa faɗin ainihin abin da ke damunta, ta karɓi maganin ciwon kai ta koma gida. Wannan ba ita ce kunyar da muke yabo ba, irin wadda ake yi wa surukai ko ɗan fari. Wannan asara take jawowa. Nana A'isha ma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba.

Mai fama da wannan hali ya sani ba shi kaɗai ba ne. A shekarun 1970 Philip Zimbardo na Jami'ar Stanford a Amurka ya tambayi dubban mutane, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce su masu jin nauyin mutane ne. Bugun zuciya da bushewar baki da gumin hannu duk aikin jiki ne idan ya zaci akwai haɗari. Da mutum ya kauce wa taro sai ya ji sanyi a ransa, kuma wannan sanyin ne yake ƙara wa tsoron ƙarfi gobe. Saboda haka maganin shi ne a riƙa shiga mutane kaɗan-kaɗan.

Mutane kuma ba sa kallonka yadda kake zato. A wani bincike da Thomas Gilovich ya wallafa a shekarar 2000, an sa ɗalibai sanya rigar da suke jin kunyarta su shiga ɗaki. Sun ɗauka rabin mutanen sun lura, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka gani. Kowa da abin da ya dame shi.

A ganina Bahaushe yana da gata a nan, domin gaisuwarmu ta riga ta shimfiɗa hanya. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya kasuwa: ba ka buƙatar ƙirƙiro komai, kuma ka san amsar da za a ba ka. Fara da nan. Gai da mai shagon unguwarku da murya a sake, ka ɗago kai. Idan wannan ya zauna, ƙara tambaya ɗaya bayan gaisuwar, wadda ba a amsa ta da "e" ko "a'a": "Malam, yaya aka yi tumatir ya hau haka?" Sai ka saurara. Mai yawan shiru galibi ya iya sauraro, mutane kuma suna son wanda yake jin su. Daga abin da mai shagon ya faɗa za ka samu abin cewa na gaba.

Idan magana ce mai muhimmanci, kamar ganin likita ko ganawar neman aiki, rubuta jimlarka ta farko, ka maimaita ta da baki a gida. Farawar ce take da wuya. Saƙon WhatsApp na murya ma wurin gwaji ne mai kyau, muddin bai zama mafakar gudun ido da ido ba.

Wanda kuwa tsoron ya kai shi ga barin makaranta ko ƙin fita gida na tsawon watanni, wannan lalura ce da likitoci suka sani, ana kuma magance ta. Ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano.